In an zarge ka da satar amsa

'Yan uwa ɗaliban Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato, in mai tsaron jarrabawa ya miƙo maka fom, cika shi, gardama ba ta da amfani a nan. Rubuta lokaci, kujerarka, da inda aka tsinci takardar da ake zargin ka da ita. Kar tsoro ya sa ka rubuta "a yi haƙuri", kwamitin da zai binciki zargin zai ɗauka ka amsa laifi ne.

Ranar zaman kwamitin nemi a fito da takardar a gwada da rubutun hannunka. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka haƙƙin a saurare ka. In hukuncin bai yi maka ba, ɗaukaka ƙara a rubuce, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Wa'adin yana littafin dokokin ɗalibai, duba tun yau.