Darasi na 12: Matsakaiciyar Iska

Idan ana bayanin yanayi a rediyo, kukan ji an ce, "Gobe za a yi matsakaiciyar iska." Mu fara raba kalmar gaɓa-gaɓa: ma-tsa-kai-ci-ya. Ku lura, "ts" sauti ɗaya ne, kamar a tsamiya da tsintsiya. Daga "tsaka" kalmar ta fito. Wato iskar ta wuce 'yar wadda ake sha a gindin bishiya, amma ba ta kai wadda ke yaye kwanon ɗaki ba.

Wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara ma'aunin ƙarfin iska a 1805, daga mataki na 0 zuwa na 12. A yadda ake amfani da shi yau, matsakaiciya ita ce mataki na 4, mai gudun kilomita 20 zuwa 28 cikin awa ɗaya. Ba sai kuna da na'ura ba, ido ya isa. Ƙura na tashi a hanya, takarda da leda na yawo a tsakar gida, ƙananan rassa na kaɗawa. In kuwa ƙaramar bishiya ta fara rangaji gaba ɗayanta, to an shiga mataki na 5.

Kada jin "matsakaiciya" ya sa ku raina ta. Mata masu shiƙa sun san amfaninta: a ɗaga ƙwarya a zubo gero, ita ce za ta kwashe ƙaiƙayi ta bar tsaba. Amma wannan iskar ce kuma ke cutar mai feshi. Takan ɗauke maganin ƙwari daga kan wakenka ta kai shi gonar maƙwabci, ko ta maido maka shi a fuska. Ga asarar kuɗi, ga ciwo. Don Allah, a irin wannan rana a ajiye famfon feshi, a bari sai da sassafe lokacin da gari ya lafa. Haka ma ƙona kara, musamman da hunturu, sa'ad da ciyawa ta bushe ƙayau. Tartsatsi ɗaya na iya cinye rumbu.

Aikin gida: rubuta "matsakaiciyar iska" sau biyar. Gobe da hantsi ku dubi bishiyar ƙofar gidanku, ku rubuta jimla ɗaya kan abin da rassanta ke yi, ku zo da ita aji.