Manuwal ko atomatik, wacce zaka saya in karaban zaka riƙa ja?

Duk mai shirin sayen motar da zai riƙa jan karaban da ita, wato tirelar nan mai ɗakin kwana da ɗan kicin a ciki, tambayar farko da yake yi itace manuwal ko atomatik. Ni dai in ra'ayina kake so atomatik zan ce maka, amma fa ba kowace atomatik ba, kuma anan ne mutane da yawa suke tafka asara don su a ganinsu duk motar da bata da kuloci a ƙafa iri ɗaya ce, alhali abinda ke cikin giyabos ɗin ya sha bamban sosai.

Kafin ma a zo maganar giya, fara duba nauyin da kamfanin ya yarda motar ta ja. Yana cikin littafin motar, kuma akwai wani ɗan faranti ko sitika a jikin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet da aka rubuta lambobin nauyi, na farko iyakar nauyin motar da lodinta, na biyu iyakar nauyin mota da tirela gaba ɗaya. Kada ka ɗauka lambar manuwal da ta atomatik ɗaya ce don sunan motar ɗaya ne, sau da yawa suna bambanta, wani lokacin manuwal ce tafi wani lokacin atomatik, toh ka duba ta ainihin wacce zaka saya. Masu karaban a Ingila suna da wata shawara da suke bawa sabbin shiga, cewa nauyin karaban da kayanta kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar ba lodi. Ba doka bace, shawara ce, amma mai kyau ce. Sannan nauyin da bakin karaban ke dannawa kan ƙugiyar da ake maƙala ta a bayan mota shima yana da iyaka, a Turai yawanci ana so ya kama kashi 5 zuwa 7 na nauyin karaban ɗin. In waɗannan lambobin basu yi daidai ba babu giyar da zata ceceka.

Toh yanzu manuwal. A kan babban titi kana tafiya salin alin babu ruwanta, ka saka giya ka saki kuloci shikenan, injin da taya sun haɗe babu wani zafi da ake tarawa. Wahalarta tana wajen tashi da kuma ribas. Kaga mutum ya iso wajen da zai kafa karaban, ƙasa ciyawa ce mai laushi kuma akwai ɗan tudu, yana so ya tura tan ɗaya da rabi baya a hankali a hankali yana leƙen madubi yana gyara sitiyari, giyar ribas kuma in ka saki kuloci gaba ɗaya tayi sauri da yawa, dole ya riƙe kulocin a rabi yana bada totur, yaje ya dawo yaje ya dawo, kafin minti biyar sai kaji wani wari mai kauri ya cika motar, wani lokacin har da ɗan hayaƙi daga ƙasa. Wannan warin filet ɗin kuloci ne ke cinyewa. Haka abin yake a gosulo in hanya tana hawa, kowane tashi sai kuloci ya sha. Kuma motocin dizal na yanzu mafi yawa suna da filawil, wato faifan ƙarfen da kuloci ke kamawa a jikin inji, mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, shi ma zafi da fizga suna kashe shi, ranar da za'a canza kuloci sau da yawa sai an haɗa dashi, kuma aikin sai an sauke giyabos gaba ɗaya.

Amma kada a ci zalinta, manuwal tana da nata alherin. Kai ke da iko, giyar da ka saka nan zata tsaya har sai ka canza, a gangara ka dawo ta uku ko ta biyu injin ya riƙe maka lodin. Gyaranta yafi sauƙi, kusan kowane bakanike ya san kanta. In karaban ɗinka ƙarama ce, motar kuma tana da ƙarfi tun daga ƙasa, ƙafarka kuma ta ƙware, babu abinda zai hana. In kuma motar mai jan ƙafa huɗu ce da ƙaramar giya ta ƙarfi, ai magana ta ƙare, saka ta ka saki kuloci duka motar ta rarrafa da kanta. Wasu kuma suna ɗaura wa karaban ɗan injin batir da ke juya tayoyinta da rimot, su kwance ta daga mota su shigar da ita inda suke so, kuloci ya huta.

Atomatik ta asali, mai tok kwanbata, ita ce nake nufi da na ce atomatik. A cikinta ba filet ke haɗa inji da giya wajen tashi ba, mai ne. Kamar fanka biyu ne suna kallon juna, ka kunna ɗaya iskarta ta juya ɗayar, sai dai anan man giya ne a madadin iska. Saboda haka in kana rarrafawa da ribas babu abinda ke gogar wani abu balle ya cinye, ƙari akan haka lokacin tashi tana ninka ƙarfin juyin injin kusan sau biyu, daidai lokacin da kafi buƙatarsa kenan. A kan tudu ka ɗaga ƙafa daga birki ka taka totur kawai, hannunka biyu na kan sitiyari hankalinka na kan madubi. Da can ana kukan motocin atomatik suna shan mai kuma giyarsu uku ko huɗu ce kacal, yanzu akwai masu takwas irin ta kamfanin ZF da ke cikin motoci da dama, Ford da GM ma sun haɗu sun yi mai goma, kuma da an ɗau hanya akwai wani kuloci a ciki da ke kulle kwanbatan don kada ƙarfi ya zube a banza, bambancin shan man ya zama ɗan kaɗan.

Abinda ke kashe ta zafi ne. Duk wannan santsin da mai ke yi wajen tashi da hawan dutse zafi yake zama, in man ya ƙone ya rasa ƙarfinsa sai giyabos ya fara zamewa, gyaransa kuma ba wasa ba. Don haka ka tambaya ko motar tana da abin sanyaya man giya, wani ɗan ƙaramin lagireto ne daban, in babu kuma lodinka ya kusa iyaka toh a saka maka. Kuma ko an ce maka man na har abada ne ba'a canzawa, duba littafin da kyau, kamfanoni da yawa suna lissafa jan tirela cikin aiki mai tsanani su rage tazarar canjin mai.

Sai waɗanda sunansu atomatik amma cikinsu daban. Mai kuloci biyu, wacce Volkswagen ke kira DSG, a gaskiya manuwal ce da kwamfuta ke taka mata kuloci, kuma iri biyu ce, akwai wacce kulocinta ke cikin mai akwai busasshiya. Ta cikin mai tana jure ja sosai, mutane da yawa na jan karaban da ita lafiya lau. Busasshiyar wacce ake sakawa ƙananan injina ita kam in ka daɗe kana rarrafawa da lodi zata yi zafi har ta kunna maka gargaɗi a dashbod, kusan matsalar manuwal ce ta dawo ta bayan gida. CVT kuma mai bel ko sarƙa tsakanin fuli biyu, tana da daɗin tuƙi amma sau da yawa nauyin da aka yarda ta ja bashi da yawa, ni ba zan zaɓe ta don babbar karaban ba sai in lambar da ke littafin ta bar min rara mai kyau. Dillali zai ce maka atomatik ce kawai, kai ka matsa masa ya faɗa maka wace iri.

In ka sayi atomatik ɗin akwai ɗan abinda zaka koya. In kaji tana ta hawa da sauka tsakanin giya biyu a kan tudu, kada ka barta tana wannan kai-komon, mayar da ita wajen canjin hannu ka riƙe ta a ta ƙasan. Manyan motocin ɗaukar kaya na Amurka ma maɓalli gare su na musamman don ja, ka danna shi. A doguwar gangara sauke giya tun daga sama, kada ka ɗora ƙafa akan birki har ƙasa, birki in yayi zafi sakin ka yake yi kuma ga karaban na turo ka ta baya. Tsayuwa a kan tudu da birki ake yi ba da totur ba, musamman mai kuloci biyu. Wajen fakin a gangare ja birkin hannu tukuna motar ta zauna a kansa sannan ka saka P, don ɗan ƙarfen da ke kulle giya a P ba'a yi shi don ya riƙe mota da karaban ba.

In motar da wani ya taɓa amfani da ita zaka saya kuma kaga ƙugiya a bayanta, toh ta taɓa ja, tambayi me ta ja kuma yaushe aka canza man giya. Manuwal ka saka ta babbar giya kana tafiya a hankali ka taka totur sosai, in injin ya yi ihu gudu bai ƙaru ba kuloci ya tafi. Atomatik in tana da sandar duba mai zaro ka gani, a yawancinsu ja ne garau, in ya koma baƙi-baƙi yana warin ƙuna bar musu kayansu.