Ɗaukar hoto da Linhof a hannu cikin birnin Kano

Linhof babbar kyamara ce mai aiki da fim. Da farko ka mayar da gaban kyamarar, inda gilashi yake, daidai, ka ɗaure makullansa tam. Karkatar da gilashi sai an kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku, a hannu ɓata hoto kawai yake yi.

Sa fim 120, wato mai faɗin nan da ke zuwa a naɗe, mai ISO 400 (ma'aunin saurin kama haskensa ke nan). A girman hoto na santimita 6x9, hoto 8 kacal za ka samu, ban da gaggawa.

A marinar Ƙofar Mata rana ta wadata: tsuke ƙofar shigar haske zuwa f/16, saurin ɗauka 1/500 na sakan, ka tsayar da nisa a mita 3 tun kafin ka isa bakin karofi. Lungunan Kasuwar Kurmi kuwa da duhu, sai ka buɗe zuwa f/5.6.

Yi sallama, ka ce, "Baba, in ɗauka?" In ya ƙi, ka wuce.

Ɗana kyamarar, zare farantin da ke tare haske, nan aka fi mantuwa. Manna gwiwar hannu a haƙarƙari, riƙe numfashi, ka latsa, sannan ka murza fim.