Yadda kocin unguwa zai shirya yaransa su kayar da ƙungiyar da ta fi su

Idan ƙuri'a ta haɗa ku da ƙungiyar da ta fi ku gwanaye da kuɗi da magoya baya, abin da za ka fara cire wa yara daga rai shi ne kwaɗayin riƙe ƙwallo. Maroko ta fitar da Sifen a gasar cin kofin duniya ta 2022 alhali rabon da ta samu na riƙe ƙwallo bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Aikinka, koci, shi ne ka zaɓi inda za ka sakar musu fili da inda ko allura ba za ta wuce ba.

Fara da tsayuwa. 'Yan baya huɗu, 'yan tsakiya biyar, mutum ɗaya a gaba. Haka Bruno Metsu ya tsara Senegal ranar da ta ci Faransa mai riƙe da kofi 1-0 a birnin Seoul a 2002: Aliou Cissé ya zauna gaban 'yan baya, El Hadji Diouf shi kaɗai a gaba. Layin bayanka ya tsaya taku biyar zuwa takwas a wajen sha takwas (babban akwatin gaban raga), tsakaninsa da 'yan tsakiya kada ya wuce taku goma sha biyu. Wannan ratar ita ce komai, domin a cikinta lamba gomansu, mai shirya musu hari, yake son ya karɓi ƙwallo ya juyo. Lamba huɗunka, mai zama gaban 'yan baya, ba shi da wani aiki sai gadin wurin, ko da ya ga an buɗe masa hanya zuwa gaba. Ku cushe tsakiya ku tura su gefe. Ƙwallon da aka kwaso daga gefe lamba biyar da shida, 'yan bayanka na tsakiya, suna kallonta take zuwa, wadda aka zura ta tsakaninsu kuwa sai dai su bi ta da gudu.

A atisaye, sa mutum takwas su tare mutum goma na minti goma sha biyar, sau uku a mako. Duk lokacin da wani ya bar layi ya bi ƙwallo, busa usur ka nuna masa ramin da ya bari. Yaran da suka saba da ƙananan filayen Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa a Katsina, idan aka kai su babban fili irin na Muhammadu Dikko, warwatsewa suke yi ba su sani ba, kuma ƙwallo ta fi gudu a ciyawa. Auna musu tazarar da taku tun kafin ranar.

Akwai abin da muke roƙon kada ka kwaikwaya. Saudiyya ta ci Ajantina 2-1 a Lusail a 2022 da tarkon satar gida: ta ja layin bayanta kusan tsakiyar fili, aka soke wa Ajantina ƙwallo uku kafin hutun rabin lokaci. Amma can akwai masu ɗaga tuta ƙwararru da na'urar bidiyo. A gasar unguwa, inda mai tutar wani lokaci ɗan kallo ne aka ba shi hankici, tarko ɗaya ya kuskure an ci ku, sai rigima ta biyo baya.

Sai kwantan ɓauna. Da kun ƙwace ƙwallo, mutum uku kawai ke fita: lamba tara (ɗan gabanka), ɗan gefen da ya fi kusa, da ɗan tsakiya ɗaya mai huhu. Fasin uku ya isa. Na farko ya tafi bayan lamba biyu ko ukunsu, wato 'yan bayansu na gefe, domin babbar ƙungiya takan tura su gaba su bar gida a buɗe. Ƙwallon Senegal a minti na 30 haka ta zo: Diouf ya yanke Frank Leboeuf ta hagu, ya miƙo ta ƙasa, Papa Bouba Diop da ya taso tun daga tsakiya ya ƙarasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa mafi iya yanka a lamba tara. Sa wanda zai iya riƙe ƙwallo daƙiƙa huɗu ko biyar da mutum a bayansa, har taimako ya iso.

Bugun kwana da firikik su ne kasuwarku, ware musu minti ashirin a kowane atisaye. Girka ta ɗauki kofin Turai a 2004, kuma wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshen duk da ƙwallon kai daga kwana ta ci su. Salo biyu ya wadatar: ɗaya zuwa turken kusa a goga ta da kai, ɗaya zuwa turken nesa wurin dogonku. A ko wanne, ajiye mai ƙarfin ƙafa a bakin sha takwas. Ƙwallon da Sunday Oliseh ya ci Sifen a Nantes a 1998, wadda ta ba Najeriya nasara 3-2, daga jifa ta taso, ɗan bayan Sifen ya fitar da kai, ta faɗo masa daga nesa ya ɗirka. Idan ku ake buga wa kwana, ku ma kada ku bar wurin nan babu kowa.

Fili da yanayi ma abokan aiki ne. Wasan bayan la'asar a filin da ya miƙe gabas da yamma, idan kyaftin ɗinka ya ci kwabo, ya zaɓi ragar da golanku zai kalli yamma a zagayen farko, rana tana sama tukuna. Bayan hutu ta sauko, golansu ne zai sha ta a ido. A filin rairayi, haramta mayar wa gola ƙwallo ta ƙasa, tsayawa take yi a hanya. Lokacin bazara kuwa 'yan gefe ne ke fara ƙarewa, canja su wajen minti na 60, kada ka jira sai sun kama ƙugu.

Ƙeta a yi ta kusa da tsakiyar fili, ta jan riga ko tare hanya, ba a bakin sha takwas ba. Kamaru ta ci Ajantina 1-0 a Milan a 1990 da mutum tara bayan jan kati biyu, amma wannan ba abin da ake shiryawa ba ne.

In Allah Ya ba ku kuka ci ƙwallo, minti goman da ke biye sun fi kowane lokaci haɗari. Yara kan ja baya har su hau kan golansu, su tare masa gani. Gola ya riƙa yi musu tsawa su fito, a riƙa fitar da ƙwallo gefe, lamba tara kuma ya zauna gaba don ya riƙe musu mutum biyu.

A gasar sili-ɗaya-ƙwale, canjaras ma riba ce, tunda fanareti ba ta san babba ba. Zambiya ta ɗauki kofin Afirka a 2012 da ci 8-7 a kan Kwaddibuwa bayan an tashi babu ci. Rubuta jerin masu bugawa har goma sha ɗaya tun daga gida, na farko da na huɗu su zama waɗanda ka fi yarda da su. A yi gwajin a ƙarshen atisaye lokacin da ƙafa ta yi nauyi, kowa ya tako daga tsakiyar fili, ya zaɓi kusurwarsa tun kafin ya ajiye ƙwallo.