Yadda Ake Zagayen Karkara da Ƙafa: Fita ta Jigawa, Dawowa ta Fadama

Yawancin masu son miƙe ƙafa a Damagaram bakin kwalta suke bi. Mutum ya yi ta tafiya har ya gaji, sannan ya juyo ta inda ya fito, yana shan ƙura da hayaƙin manyan motoci zuwa da dawowa. Alhali da kuɗin mota kaɗan zai iya samun tafiyar da ta fi wannan daɗi: ya tashi daga gari, ya ratsa gonakin tudu, ya gangara kwari, ya biyo garake da bakin ruwa, ya ɓullo inda ya faro ba tare da ya taka sawunsa sau biyu ba. Abin ba wuya, amma yana da tsari, kuma rabin tsarin mutane ne, domin duk inda za ka sa ƙafa a ƙasar nan da mai shi.

Zaɓi wuri da lokaci

Birnin Zinder kansa a kan duwatsu yake, ƙarancin ruwa kuwa kowa ya san labarinsa. Fadamar kirki sai an ɗan fita. Mafi kusa ita ce Mirya, kimanin kilomita 18 gabas da birni a kan babbar hanya, garin garake, kukoki da tukwane. Wanda ke da yini guda a hannu yana iya yin kudu, wajen kwarin Korama da ya ratsa ƙasashen Kance da Magarya, inda rake da rogo suka yi gida. Akwai kuma tabkin Gidimuni can gabas, da dabinonsa da tsuntsayensa. Ga mai farawa dai Mirya ta isa. Idan ka saka tafiyar ranar Lahadi, ka haɗa da cin kasuwar garin, mota ma ba za ta yi maka wuya ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen sanyi, wato Nuwamba zuwa Fabrairu. An cire amfanin gona, hanyoyi sun buɗe, tabkuna ba su gama ƙafewa ba, garake kuma sun yi kore shar. Da damina kyan wurin ya fi, sai dai hatsi yakan rufe mutum har ya kasa hango gabansa, kwari ya yi taɓo, ƙorama kuma tana iya kawo ruwa alhali ko ɗigo bai sauka a inda kake ba. Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40. Ni ba na ba kowa shawarar ta.

Nemi ɗan gari, ku zana hanyar

Kafin ranar tafiya, ko da sassafen ranar, ka sami wanda ya san wurin. Idan ƙauye ne ka fara da ƙofar maigari. Ka yi sallama, ka tuɓe takalmi, ku gaisa sosai, sannan ka ce: “Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga birni, muna son mu zaga gonaki da fadama mu ga gari.” Da wuya a hana ka. Sau da yawa ma yaro za a haɗa ka da shi, ka kuma tanadi ɗan abin da za ka ba shi in kun dawo. Amfanin wannan gaisuwa sai ka shiga daji za ka gane shi: duk wanda ya tare ka yana tambayar daga ina, kana cewa daga wurin maigari magana ta ƙare.

Ka roƙi ɗan garin ya zana maka hanyar a ƙasa da tsinke. Kada ka tambaye shi kilomita nawa ne. “Nan kusa ne” na mutumin karkara yana iya cin awa guda. Tambaye shi alamomi: wace rijiya, wace kuka, wane ƙauye za ka bari a hannun dama, ina ake tsallake ƙorama. Alama huɗu ko biyar sun isa, ka rubuta su. Zagayen kilomita 8 zuwa 10 ya wadatar da wanda bai saba ba. A ƙasa mai tauri mutum yana cin kamar kilomita 4 a awa, a rairayi kuwa da ƙyar ya yi 3, don haka ka ƙiyasta awa uku har da tsaye-tsaye.

Ga abin da ya fi muhimmanci a zanen: jigawa a farko, fadama a ƙarshe. Rairayi shi ke cin ƙarfin ƙafa, kuma tudu ba shi da inuwa mai yawa, sai a gama da shi tun da sanyin safiya. Lokacin da rana za ta fara cizo kana ƙarƙashin mangwaro da dabino. Wanda ya juya tsarin zai sha daɗi awa ɗaya, sannan ya hau tudu da hantsi, ƙafa ta yi nauyi, gora ta kusa ƙarewa. In wurin ya ba da dama, ka fita ta yamma, rana tana bayanka.

Kayan tafiya

Ruwa lita 2 ga kowane mutum, ko da sanyi ake yi, domin iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da an ga gumi ba. Takalmi rufaffe wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Silifa ba ta tare tsidau, sabon takalmi kuma zai yi maka kanta. Wando mai kauri mai santsi ya fi, don ƙarangiya ba ta kama shi kamar yadda take kama shadda ko safa. Sai malfa ko rawani, sanda, dabino ko gujiya a aljihu, takardar shaidar ɗan ƙasa, salula da caji, da ƴan canji. Ka faɗa wa wani a gida inda za ka da lokacin dawowarka. Mata su tafi su biyu ko uku, tafiyar ma ta fi daɗi da hira.

Ratsa gonakin tudu

Ka tashi da an idar da sallar asuba, gari ya fara wayewa. Daga bayan gari ka kama turbar ƙafa ko hanyar amalanke, ka riƙe ta. Iyakar gona a nan ba katanga ba ce: layin gamba ne, ko aguwa, ko yakuwar da aka shuka a gefe. In dole sai ka ratsa, ka bi kan iyakar. Ko bayan girbi gona ba ta zama ta kowa ba. Karan da ka gani a tare, da harawar wake a kan itace, dukiya ce da za a ciyar da dabbobi ko a sayar da rani. Kada ka zauna a kai, kada ka kusance su da taba.

A wannan sashe ka ɗaga kai ka dubi itatuwa. Gawo ne zai fi yawa, itacen da ke zubar da ganye da damina ya fitar da rani, shi ya sa hatsin da ke gindinsa yake fin na sarari kyau, ƴaƴansa kuma abincin awaki ne. Yawancin waɗanda za ka gani ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka daina sare tohon da ke fitowa a gona, suna zaɓar reshe ɗaya ko biyu su gyara, abin da ake kira sassaben zamani. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, bayan farin da aka sha, aikin nan ya farfaɗo da itatuwa a kan kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. A kewayen Mirya kuka ce ke biye da gawo, kuma kowace da mai ita, don ganyenta kuɗi ne. Kada ka ɗauka ta Allah ce ka sa hannu.

Za ka iya cin karo da burtali, faffaɗar hanyar shanu da aguwa ko turakun siminti a gefenta. Tana da daɗin bi kuma ba ta ɓatar da mutum. In garke ya taho ka koma gefe ka tsaya, kada ka ratsa tsakiyarsa, musamman inda akwai saniya da ɗan maraƙi. Bayan hukuma ta sanar da sakin gonaki dabbobi sukan bazu ko'ina suna kiwon kara. In hanya ta kai ka kusa da ruga, ka tsaya daga nesa ka yi sallama har wani ya fito. Karnukan ruga ba su san wasa ba, gudu kuma shi ke sa su bi mutum.

Gangara fadama

Za ka san ka iso tun kafin ka ga ruwa. Rairayi ya koma baƙar ƙasa, goriba ta yawaita, iska ta yi sanyi, ka fara jin ƙarar injin ban ruwa. A nan ake rage sauri, a nan kuma ake yawan yin ɓarna ba da niyya ba.

Garka tana da shinge na ƙaya ko na kara, kuma tana da ƙofa. Ka nemi ƙofar. Tsallake shinge, ko da gajere ne, aikin ɓarawo ne da akuya. Ka tsaya ka ce, “Salamu alaikum, sannunku da aiki!” In dattijo ne: “Baba, ina kwana, ina gajiya? A ba mu hanya mu wuce?” Zai nuna maka inda za ka bi. Ka taka kan kunyar da ke tsakanin fangali, kada ka taka bakin magudanar ruwa, don in ta fashe ruwan da aka sayi mai aka ɗago zai malale a banza. Tiyo ma a tsallake shi. Albasa, tumatir, salati, shu, tattasai, rogo, zogale, duk za ka gan su dab da hannunka. In ka yi sha'awa ka tambayi kuɗi. Sau tari za a ce haba, a karyo maka rake kyauta. Ka karɓa ka yi godiya, amma in kana son na kai wa gida ka biya. Hoto kuma sai da izini, balle na matan da ke aiki ko wanki.

Tsakanin garake da ruwa akwai makiyaya mai ɗanyar ciyawa inda ake ɗaure dawaki da tumaki. Nan ne wurin hutawa. Ka sami inuwa, ka duba ƙasa kafin ka zauna, ka yi shiru na ɗan lokaci. Balbela za ta dawo bayan shanu, zalɓe ya tsaya cik a bakin kacalla, in da rabo ka ji kukan kirinjijiya suna wucewa a sama. Inda ka ga ƙasa ta yi fari kamar an barbaɗa gari, kanwa ce ta taso.

Ruwan tabki dai na kallo ne. Kada ka sha, kada ka shiga wanka, kada ka tsoma ƙafa don ka huce. Tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini, a irin wannan ruwa mai kwanciya take, tsutsarta tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi ta shiga ta fata. Ganin yaran garin suna iyo ba hujja ba ce. In kana son alwala ko wanke fuska, ka roƙi ruwan rijiya. Wajen tsallake ƙorama ka bi inda sawun mutane da na amalanke suka bi, ka riƙa gwada ƙasa da sanda, don taɓon da ya bushe a sama yana iya haɗiye ƙafa har gwiwa.

Maciji yana son ciyawa mai duhu da gindin shinge. Ka sa sanda a gaba, kada ka cusa hannu a rami ko ƙarƙashin tarin kara. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko agogo, a hana wanda aka sara tafiya da ƙafarsa, a nemi babur ko amalanke a kai shi likita nan take. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya jin kamar ba komai a awannin farko.

Rufe zagayen

Kada ka bari daɗin inuwa ya riƙe ka. Ƙarfe 10 ya kamata ka kama hanyar gari. Ka bi gefen kwarin har alamarka ta ƙarshe, sannan ka nemi hasumiyar masallaci ko eriyar salula ka nufe ta. In hazo ya rufe su, ka bi hanyar da sawun jakai da amalanke suka fi yawa, ita ce mai shiga gari. Da ka ga alama biyu a jere ba su fito ba, kada ka yi ta gaba da ƙarfin hali. Matambayi ba ya ɓata: ka tambayi na farkon da ka gani, kuma ka ambaci sunan unguwa ko na maigari, kada ka ce “gari” kawai, don ƙauyuka a nan kusa da juna suke.

In ka iso ka koma ka yi wa maigari ban kwana, ka sallami yaron da ya raka ka. Kafin ka shiga mota ka zauna ka cire ƙarangiyar da ta maƙale maka. A jiƙa yatsu da ruwa tukuna, ta fi fita ba tare da ta soki hannu ba. Ka duba tafin ƙafa ko akwai ƙaya, wadda ta karye a ciki a cire ta ranar, kada a bari ta kwana ta yi ruwa.