Yadda Ake Kwana a Duwatsun da ke da Beyar, da Abin Yi Idan an Yi Kiciɓis da Ita

Yaron da ya tashi a ƙauyukan Rano, Sumaila ko Birnin Kudu bai rasa sanin daji ba, domin ya san sawun kura, ya san maɓoyar maciji da damina. To amma yanzu 'ya'yanmu da dama suna tafiya karatu ko neman halali Turkiyya, Romaniya, Rasha, Japan, Kanada da Amurka, inda ɗalibai suka saba ɗaukar jakar goyo da tanti su hau duwatsu su kwana a lokacin hutu. A waɗannan duwatsu akwai beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi da manyan farata, wadda babu ita a dazukan Afirka tun da ta ɓace daga duwatsun Atlas na arewacin nahiyar a ƙarni na 19, saboda haka babu maharbi ko makiyayi a garinmu da zai koya wa yaro yadda ake yi da ita. Wasu dabarun da muka gada ma, kamar sheƙawa da gudu ko ɗarewa bishiya, su ne ke jefa mutum cikin halaka a gabanta.

Mataki na farko ana ɗaukarsa ne tun kafin a bar gari. Ka je ofishin ma'aikatan gandun dajin da za ku shiga, ka tambayi wace irin beyar ce a wurin, kuma a wace hanya aka gan ta kwanan nan. Tambayar tana da muhimmanci saboda abin da ke ceton mutum daga wani nau'i yana iya ja masa mutuwa a hannun wani. Beyar mai ruwan ƙasa, wadda ake kira girizili a Amurka da Kanada, ita ce kuma ke duwatsun Romaniya, da arewa maso gabashin Turkiyya, da tsibirin Hokkaido na Japan. Ana gane ta da tozo a kafaɗa, da dogayen farata, da gajerun kunnuwa. Baƙar beyar ta Amurka ba ta kai ta girma ba, ba ta da tozo, kuma gwanar hawa bishiya ce. Kada ka dogara da launi, domin akwai baƙar beyar mai gashi ja-ja, akwai kuma girizili mai duhun gashi.

A ofishin ne kuma za ka nemi gwangwanin feshin barkono da aka yi musamman domin beyar, idan dokar ƙasar ta yarda a riƙe shi. Wani bincike da aka buga a 2008 kan abubuwan da suka faru a jihar Alaska ya nuna cewa kashi 98 cikin 100 na waɗanda ke ɗauke da feshin sun rabu da beyar ba tare da rauni ba. Ba a hawa jirgin sama da shi, don haka a can ake saye ko a karɓi haya. Ka rataye shi a ƙugu ko a ƙirji inda hannu zai kai nan take, ka kuma koyi zare makullinsa tun kana ɗaki. Wanda ya cusa shi a ƙasan jaka daidai yake da wanda bai saya ba.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowane nauyi, shi ne sha'anin abinci. Beyar da hanci take rayuwa, tana jin ƙamshi daga nesa mai yawa, kuma da kaka, kafin ta shige kogo ta yi dogon barcin hunturu, kusan yini take tana neman abin da za ta ci don ta tara kitse. Guzurin da Bahaushe ya fi so shi ne ya fi kiranta: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, yaji, busasshen kifi, zuma da man shanu. Ba abinci kaɗai ba ne. Turare, sabulu, man shafawa, man goge baki, alawa, har da ledar da aka ƙunshe nama a ciki, duk a wurinta abin a bincika ne. Mu mutane ne masu son turare, amma wannan tafiya ce da ya kamata a bar kwalbar a gida.

Idan kun isa masauki, ku raba wurin gida uku. Tanti a wuri guda, murhu a wani wuri mai nisan kimanin mita 90, ma'ajiyar abinci kuma a wuri na uku mai irin wannan nisa. A duba inda iska ke kaɗawa, a sa murhu ta yadda za ta kwashe ƙamshin girki ta yi gaba da shi, ba ta kawo shi kan masu barci ba. Duk abin da ke da ƙamshi a zuba shi a cikin mazubi mai tauri da aka ƙera don beyar ta kasa buɗewa. A gandun Yosemite na jihar Kalifoniya dole ne duk mai kwana a cikin daji ya riƙe irin wannan mazubi. Inda aka yarda a rataye kuwa, sai a ɗaure jakar da igiya a ja ta sama a reshe, aƙalla mita 3 daga ƙasa, kuma fiye da mita 1 daga jikin bishiyar. Ko ƙwayar gyaɗa kada ta kwana a tanti, haka ma rigar da aka yi girki da ita.

Sauran abinci ba a binne shi, domin za ta tono, ba a kuma jefa shi a wuta, domin ba ya ƙonewa ƙurmus. A tsane ruwan wanke-wanke, a kwashe guntattakin a leda, a fita da su daga dajin. Dalilin wannan tsanani shi ne, beyar da ta taɓa samun abinci a wurin mutane takan zama tamkar akuyar da ta gano ƙofar rumbu, kora ba ta hana ta dawowa. A dare guda cikin watan Agusta na 1967, beyar biyu daban-daban sun kashe 'yan mata biyu a wurare biyu na gandun Glacier da ke jihar Montana, kuma an danganta abin da yadda dabbobin suka saba cin shara a kusa da mutane. Bayan haka ne hukumomin gandun daji na Amurka suka tsaurara dokokin shara da ajiyar abinci. Ƙarshen beyar da ta saba da mutane yawanci harbi ne, don haka sakacin mutum ɗaya yakan ci ran dabbar, ya kuma jefa matafiyan da za su zo bayansa cikin haɗari.

Mataki na uku shi ne tafiyar kanta. Yawancin hare-hare suna faruwa ne idan an firgita beyar a kurkusa, musamman mai 'ya'ya ko wadda ke tsaron mushe. Ku yi tafiya aƙalla ku uku, a haɗe, kuna hira da ƙarfi, kuna tafawa a duk lanƙwasar hanya, da cikin ƙurmi, da bakin rafi inda ƙarar ruwa ke danne motsi. Masu iya magana sun ce tsoro na daji, kunya ta gida, saboda haka kada ka ji nauyin ɗaga murya. A cire abin sauraron waƙa daga kunne. Idan aka ga sabon kashi, ko sawu, ko bishiyar da aka yaƙushe, ko aka ji warin mushe, a juya.

Akwai abin da ya shafi Musulmi kai tsaye. Beyar ta fi yawo da sassafe da kuma almuru, wato daidai lokacin Asuba da Magariba, kuma tana yawan zuwa bakin ruwa. Ka ɗebi ruwan alwala tun rana na sama, ka yi salla kusa da tanti, fitila da feshi suna gefenka, ka kuma gaya wa abokin tafiya kafin ka zaga bayan gida.

Idan duk da haka ka hango ta daga nesa ba ta gan ka ba, ka ja da baya a hankali ka sauya hanya. Dokar gandun Yellowstone na Amurka ita ce a bar tazarar yadi 100, kimanin mita 91, kuma hoto bai isa dalilin karya ta ba. Idan ta gan ka, ka tsaya cak. Kada ka gudu, domin tana iya wuce kilomita 50 a awa, gudun da babu ɗan Adam da ke kaiwa, kuma gudu yana tayar mata da halin farauta. Ku matso wuri guda, a ɗauki ƙaramin yaro idan akwai, ka yi mata magana da murya a kwance, ka ɗaga hannu a hankali don ta gane mutum ne, sannan ka riƙa ja da baya kana kallon inda take, ka bar mata hanyar wucewa. Idan ta miƙe a kan ƙafafun baya, so take ta shinshina ta gane abin da ke gabanta. Huci, da kaɗa haƙora, da dukan ƙasa kuwa alamu ne cewa ka matsa mata. Kada ka taɓa shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta.

Takan taso a guje sannan ta tsaya ko ta kauce dab da mutum. Ka dake, ka zare makullin feshin, idan ta iso kimanin mita 10 ka danna, bakin gwangwanin yana ɗan kallon ƙasa, domin ta faɗa cikin hayaƙin. Ka lura da iska kada ya dawo maka ido. Ba a fesa shi a jiki ko a tanti da sunan rigakafi, domin ƙamshin da ya saura yana iya jawo ta.

Idan girizili da ka firgita ta kai ga taɓa ka, ka kwanta rub da ciki, jakarka tana bayanka, ka haɗa hannuwa a ƙeya ka kare wuya, ka buɗe ƙafafu don ta kasa juya ka, ka yi shiru kamar gawa har sai ka tabbata ta yi nisa. Baƙar beyar ta Amurka kuwa ba a yi mata kwanciya, sai dai a rama da dutse, da sanda, da duk abin da hannu ya samu, a nufi fuska da hanci. Haka nan kowace irin beyar ce, idan ta riƙa bin ka shiru tana laɓewa, ko ta yaga tanti da dare, to abinci ta ɗauke ka, sai faɗa da iyakar ƙarfi. A Japan da Indiya akwai wasu nau'o'in da suka bambanta da waɗannan, don haka shawarar ma'aikatan wurin ita ce gaba.

Bayan an rabu, ku tattara ku bar wurin tare. Rauni ko yaya yake a wanke shi da ruwa mai tsabta, a danne jini, a nufi asibiti, domin cizo da yaƙushin dabba suna saurin ruɓewa. Sannan ku sanar da ma'aikatan gandun wurin da abin ya faru, da lokacin, da kamannin dabbar, domin su rufe hanyar ko su kafa gargaɗi.