Shayin buta: kurakuran da ke ɓata shi tun daga shago har zuwa harshe

A kowace fada, wato wurin zaman hira, ta Yamai ko Damagaram, da majalisun Kano da Katsina inda shayin Buzaye ya samu gindin zama, akwai mutum guda da ake ce wa gwani. In ka bincika, abin da ya ba shi wannan suna bai wuce biyu ba: shayinsa na da ƙarfi, kumfarsa kuma na tashi. Alhali ƙarfi da kumfa ba su da wuyar samu. Ka labta ganye, ka bar shi ya yi ta tafasa, ka yi ta juye daga sama, shi ke nan. Wanda ake sha a ji ƙamshin ganye da gardinsa, a kuma miƙa hannu a karɓi na biyu ba don kunya ba, shi ne mai wuya.

Ɓarnar takan faro ne tun a wurin saye. Koren ganyen da muke dafawa daga ƙasar Sin yake zuwa, galibi iri biyu. Akwai wanda aka dunƙule ƙanana-ƙanana, wanda ya yi suna a lardin Zhejiang, za ka ga an rubuta 3505 a jikin kwalinsa. Akwai kuma siririn nan mai ɗan lanƙwasa da ake kira Chunmee, mai lambobi irin su 41022 da 4011 da 9371. Lambobin nan darajar ganyen suke nunawa, amma mutane da yawa sunan kamfani da hoton kwali kawai suke dubawa. Ka buɗe ka zuba kaɗan a tafin hannu. In ka ga gari ya fi ganye yawa, ka san zai saki ɗaci nan take kuma ba zai kai zagaye na uku da sauran ƙarfi ba, domin sau uku ake dafa ganye guda: na fari, na biyu da na uku. Sannan ka shinshina. Ganyen shayi na kwasar warin duk abin da aka jera kusa da shi, kuma a ƙananan shagunanmu maƙwabtansa su ne sabulu da maganin sauro, wani lokaci har da kalanzir. A gida ma haka. Wanda ya ajiye kwalin a buɗe kusa da daddawa kada ya ga laifin mai shago. Gwangwani mai murfi, nesa da rana da laima, ya wadatar.

Wanke ganye ma ana kuskure a ciki ta fuska biyu. Wani ba ya wankewa sam, sai ƙura da ƙaiƙayin ganyen su bi shayin. Wani kuma sai ya cika buta da ruwa, ya tafasa sosai, ya zubar, wato ya zubar da mafi daɗin abin da ya saya. Ruwan zafi kaɗan, a kaɗa butar sau biyu ko uku, a tsiyaye, ya isa.

Sai wuta, inda gaggawa ta fi yin ɓarna. Yaro ya hura gawayi da leda ko kalanzir, tun hayaƙi bai gama fita ba ya ɗora buta, kuma duk wannan wari a finjali zai ƙare. A jira gawayin ya kama sosai, ya yi ja, toka ta fara rufe shi. Mutanen Sin da suka noma ganyen ba sa ma tafasa shi. Ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80 suke zuba masa, su bar shi minti biyu ko uku. Mu kuwa dafawa muke yi, don haka tun farko mun riga mun matsa wa ganyen, bai kamata a ƙara masa da wuta mai harshe ba. Butar da ke tafarfasa tana amai ta baki tana kashe garwashi, ruwanta zai ƙone kafin ganyen ya buɗe, abin da ya saura a ƙasa kuma ya yi ƙauri. Ana son a ji tana ɗan motsi a hankali, murfin na rawa kaɗan-kaɗan. In ta yi yunƙurin zubowa, a ɗaga ta, a bari ta lafa, a mayar gefen garwashi.

Ruwan kansa ba a cika tuhumarsa ba. Na rijiyar da ke da zartsi ko kanwa yana dusashe launin shayi, ya sa wata irin yana ta taso a samansa. Na famfo in yana warin magani, a tare shi a randa ya kwana.

Kan sukari kuwa, ra'ayina shi ne yawancinmu muna amfani da shi ne don rufa wa shayi asiri. Ganye ya ƙone, ɗaci ya yi yawa, sai a ƙara cokali biyu a ce an gyara. Ba a gyara ba, an dai binne laifin ne. Zuba shi da wuri ma matsala ce, domin idan ruwa ya ja baya sukarin na kamawa a gindin buta. A bari ganyen ya gama bayar da abin da zai bayar, a sa sukari, a juye a gauraya, a ɗanɗana, sannan a ƙara in da buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan. Wanda ke zaman fada safe da yamma, zagaye uku-uku, ya lissafa da kansa.

Na'ana'a ba ta son dahuwa. In ta daɗe a wuta sai ta yi baƙi, ƙamshinta ya gudu, ta bar wani ɗaci na daban. A wanke ta, a sa ta dab da saukewa, kuma ta fi dacewa da na biyu da na uku. Kanumfari kuwa ƙwaya ɗaya ko biyu, domin yana sa harshe ya yi dundum, shi ya sa ma ake danna shi a haƙori mai ciwo. Wanda ya watsa kanumfari da citta da masoro da kimba duk a buta guda, yaji ya dafa.

Kumfa tana da amfaninta. Juyewar nan daga sama tana gauraya sukari, ta rage zafi, kuma ganin ta a finjali na ƙara sha'awa. Amma wasu sukan shagala da ita har shayin ya huce, sannan su miƙa maka abu mai sanyi da rawani a kai. A yi kumfar a finjalai, a mayar da shayin kan garwashi ya sake ɗumi, a zuba a hankali ta gefe. In ta ƙi tsayawa, a duba finjalin: ɗan maiƙon da ya rage daga hannun da ya ci tsire ya isa ya kashe ta.

Duk waɗannan masu sauƙin gyara ne. Babban kuskuren yana wajen masu sha. Ka miƙa wa mutum, ya ɗaga kai ya shanye a kurɓi ɗaya, ka ce masa, "Yaya, ya ka ji shi?" Ya ce, "Kai, ya yi ƙarfi!" Ba abin da mai dafawa zai koya daga wannan amsa, shi ya sa za ka ga mutum ya shekara da shekaru a gaban buta hannunsa bai canza ba.

A nan akwai abin lura a wurin waɗanda ɗanɗano ne sana'arsu. Masu tantance giyar inabi a yankin Bordo na Faransa, duk da abin shan ba namu ba ne, da masu tantance ganyen shayi a kasuwar gwanjo ta Mombasa a Kenya, hanyarsu kusan ɗaya ce. Sukan duba launi, su shinshina kafin su kai baki, su zuƙa tare da iska, su zagaya da shi a baki, sannan su tofar. Masu shayin har ma'auni gare su na bai ɗaya, giram 2 na ganye a ruwa mililita 100, minti 6, don kada a ɗora wa ganye laifin mai haɗawa. Ba wanda ya ce a riƙa tofarwa a fada, Allah ya kiyaye. Amma zuƙar nan mai ƙara da dattawa ke yi, wadda samarin yanzu ke ganin ƙauyanci ce, ita ce daidai: iskar na kai ƙamshin ta bayan maƙogwaro zuwa hanci, kuma mafi yawan abin da muke kira daɗi hanci ne ke jin sa. Shi ya sa mai mura kan ce komai salam yake.

Sai mutum ya koyi raba abin da yake ji, domin kowane aibi da maganinsa. Ɗaci ana jin sa nan take, kuma kaɗan daga cikinsa ado ne ga na fari. Bauri daban ne, shi ne baki ya bushe, harshe ya yi kaushi kamar ka tauna ɗanyar ayaba, kuma yana nuna ganyen ya daɗe a wuta ko ya yi yawa. Ƙauri laifin garwashi ne. Lami kuwa ko ganyen ya tsufa, ko an cika wanki, ko ruwa ya yi yawa. In ka ce wa mai buta "rage wuta, ya yi ƙauri", ka ba shi abin yi. Kuma kada a yanke hukunci da bakin da ya gama tauna goro ko aka goge da man haƙori yanzu-yanzu. A kurkure da ruwa tukuna.

Hukunci a kan na fari kaɗai shi ma zalunci ne. Gwanintar tana bayyana ne a na biyu, inda ɗaci ya sauka ƙamshi ya fito, da na uku, inda ake gane ko mai dafawa ya tatse ganyen tun farko ko ya bar masa saura. Baƙon da ya sha na fari ya kaɗe riga ya tashi bai san shayin gidan ba, kuma a wurin Buzaye bai kyauta ba. Haka yaron da ya fara miƙa wa abokinsa alhali ga dattijo ko baƙo a zaune. Daga babba ake farawa, da hannun dama: "Baba, bismillah." In ba ka shan na fari saboda ƙarfinsa, faɗi tun ana hura wuta.

Akwai kuma kurakuran da jiki ne ke biya. Shan sa da tsananin zafi ba jarumta ba ce. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon dajin maƙoshi. Minti ɗaya ko biyu na jira ba ya rage komai. Shayi mai kauri a kan abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga wake da ganyaye, don haka mai ƙarancin jini da mai juna biyu su ba da tazarar kamar awa guda bayan cin abinci, su kuma rage yawa. Na fari a cikin da babu komai yana tayar da zuciya, abin da masu buɗa baki da shi a watan azumi suka sani sarai. Wanda ya sha shi bayan isha'i ya kwana yana juyi, aikin kafeyin ne, sinadarin shayi mai hana barci, wanda jiki kan ɗauki wajen awa biyar kafin ya rage rabinsa.

Mafi haɗari shi ne na lokacin hunturu, sa'ad da ake jawo murhun gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da jin barci, kuma tana kisa. A dafa a waje ko a bakin ƙofa a buɗe, in an gama a kashe garwashin a can kafin a shiga kwanciya.